Farin Ɗigo a Dajin Karakkai

Tunda Labbo ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Inna Saude Bafulatana ce ta asali, irin waɗanda ba su wasa da kunya ko da wuƙa a wuya. In ta kama dole ta ambace shi, sai ta ce "mutumin Gusau". In ya shigo ruga ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta amsa wa ƙwaryar da ke hannunta, ta miƙe, ta tuno wani aiki a bayan bukka.

Wannan ba baƙon abu ba ne, kowa ya san kunyar ɗan fari. Sai dai sauran 'ya'yan fari suna girma a gaban iyayensu mata, suna lura da wanda ake ɗebar wa kindirmo mai kauri da wanda ake ja wa zane in sanyi ya sauko, su gane abin da ba a faɗa ba. Labbo bai samu wannan ba. Yana ɗan shekara bakwai, a shekarar da gwamnati ta matsa a sa yara boko, baffansa mai dillancin shanu a Gusau ya zo ya ɗauke shi. Abin da yake iya tunawa na ranar kawai shi ne an ɗora shi a bayan keke, ya waiwaya, ya sake waiwayawa, bai ga uwarsa ba. Ya yi karatu, ya zama ma'aikacin gandun daji, ya yi aure, ya kama gida a Damba, amma tambayar yaron nan na bayan keke tana nan inda take: ta ji zafin rabuwa da shi kuwa, ko dai sauƙi ta samu? Ba tambayar da ake yi wa uwa ba ce, balle irin tasa uwar. Sai ya riƙa cewa akwai lokaci.

A ƙarshen kakar 1998 lokacin ya ƙare. Ƙanensa Anas, wanda ya gaji riƙon garken tun rasuwar mahaifinsu, ya iske shi a ofis da sanda a kafaɗa. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Hamma, tashi za mu yi," in ji Anas. "Ba irin wanda munka saba ba, a tahi rani a komo damina. Da shanu sun ƙare karan gonaki, sai kudu, bayan Tsahe, can wajen dajin Gwari. Ba mu komowa."

"Har da Inna?"

"To wa za a bar ma ita?"

Labbo ya buɗe baki zai ce a bar masa, sai ya rufe. Su biyun sun san Inna Saude ta gwammace ta kwana a gindin itace da ta zauna a gidan ɗanta na fari, tana cin tuwon matarsa, suna haɗa ido a tsakar gida. Ya ce zai zo sallama. Mako ya wuce bai je ba, wani ya bi bayansa. Tsoro yake ji, ba na komai ba sai na ya je ya gaida ƙeyarta, ya dawo, shi ke nan an gama har abada.

Dalilin tashin nasu kuwa babu wanda ya fi Labbo saninsa, don kullum yana shimfiɗe a kan teburinsa. An kawo wa ofishinsu kwamfuta ɗaya tilo, wadda ake lulluɓe ta da zane kamar amarya, aka tura Labbo kwas Kaduna ya koyo yadda ake sarrafa ta. Tare da ita aka aiko da hotunan ƙasar da tauraron ɗan Adam ya ɗauko daga sama, ɗaya na ƙarshen 1975, ɗaya na bayan shekara ashirin da 'yan kai. A irin wannan hoto ɗanyen ganye ja yake fitowa, ƙasa tsirara ta fito fari-fari, ruwa ya fito baƙi. Labbo ya daɗe bai yafe wa wanda ya zaɓi launin ba, don ganin farko da ya yi wa tsohon hoton ya ɗauka gobara ce ta cinye Zamfara.

Aikinsa shi ne ya koya wa kwamfutar ƙasar, kamar yadda ake koya wa baƙo gari. Ya zagaye wani wuri da ya sani ya ce mata wannan daji ne, wannan gona, wannan fadama, wannan dutse. Ita kuma ta bi hoton ɗigo ɗigo tana jefa kowane a gidan da ya fi kama da shi. Ba ta gardama, ba ta kuma jin kunyar yin shirme. Da farko duk rufin kwanon Gusau duwatsu ta kira su. In an gama da tsohon hoto aka gama da sabo, sai a ɗora su a ga abin da ya sauya. Abin da ya sauya kuwa ba ya buƙatar tabarau. Jan da ya lulluɓe ƙasar Bungudu a da ya koma 'yan zirin bakin rafi. Marke, ƙirya, taura, duk sun bi motocin itace da buhunan gawayi, gonaki sun bi bayansu sun zauna.

Wata safiya shugabansu, Malam Ibrahim, ya tsaya a kan Labbo da takardar sakamako a hannu. Mutum ne mai kirki, sai dai ya tsani duk abin da zai sa Abuja ta dawo masa da rahoto.

"Labbo, mi na na wanga?" Ya ɗora yatsa kusa da Karakkai. "Amaryar taku ta ce nan an samu sabon daji. Sabon daji! A ƙasar da ko kalgo ba a bari ya kai ƙugu. Wa ya shuka shi, aljannu?"

Labbo ya jawo hotunan biyu ya jera. Abin kuwa da ban mamaki. A tsohon hoto, tsakiyar jan daji, akwai wani ɗan farin ɗigo kamar an ɗiga nono. A sabon hoto, inda ko'ina ya yi fari, daidai wannan wurin ne ya yi ja. Kamar an juya riga baibai.

"Ko dai hotunan ba su hau juna daidai ba," in ji Malam Ibrahim.

"Sun hau, ranka shi daɗe. Ga rafin nan, ga dutsen nan, duk sun zauna kan juna."

"To ɗauki babur ka tahi ka gano ma idonka. In shirme na, ka goge shi kahin mu aika."

Dokar aikin ke nan, duk abin da kwamfuta ta faɗa aka yi shakka, sai ƙafa ta je ta tabbatar. Labbo ya naɗe hotunan ya zura a kwalin da ake ɗaukarsu. Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Zulai inda za shi, ta dube shi ta gefen ido. Ta san rugar su Anas tana wajen Rawayya, ba nisa da can, ta kuma san abin da ke hana mijinta barci ko da bai taɓa faɗa mata da baki ba.

"Ikon Allah," ta ce. "Wanda ya ƙi zuwa don kansa, ga gwamnati ta aike shi."

Kafin ya gama karin kumallo ta ɗaure masa turmin atamfa da sabulu da sukari a bayan babur, ta ja igiyar da ƙarfi kamar mai tsoron ya sauke su a hanya.

Ya bi titi har Bungudu, ya sauka a kan burji, daga nan ya shiga hanyar ƙafa. Ko'ina an yi girbi, gonaki shimfiɗe har iya gani, sai kututture nan da can da ya gagari gatari. Ya bi bakin rafin da ke cikin hoton har ya hango dutsen. Da ya zagayo dutsen sai ya taka birki.

Gawo ne. Ba ɗaya ko biyu ba, kurmi guda, manya-manya, sun yi lif da ɗanyen ganye a lokacin da kowane itace ke shirin zubar da nasa. Halin gawo ke nan, da damina ya tsaya tsirara ya bar wa hatsi rana, in an yi girbi ya yi ado. Labbo ya yi dariya shi kaɗai. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, ganye ta gani ta faɗa. Kawai dai ba ta san a ƙarƙashinsa gero ake nomawa ba. Sai ya buɗe mata sabon gida, gona mai itatuwa, Malam Ibrahim ya samu barci.

Wani dattijo yana tattara kara a ƙarƙashin itatuwan. Suka gaisa, ya ce sunansa Malam Adama, gonar tasa ce.

"Baba, ku kunka shuka waɗanga?"

"Wa ka shuka gawo, ɗana? Da munka sare wurin ga, nan hili na, tsohon mashekarin shanu. Taki har gwiwa. Damina guda sai ga su sun hito kamar an yi yayyahi. Munka cire na cirewa, munka bar na bari. Gawo ba ya gaba da manomi."

Labbo ya gyaɗa kai. Wannan ya karanta shi a makaranta: saniya ta ci 'ya'yan gawo, ƙwayar ta bi ta cikinta ta fito a shirye take ta tsiro. Wato farin ɗigon tsohon hoto makwancin shanu ne, sun tattake shi sun kashe ciyawa. Ya ciro biro zai rubuta, ya tambaya don cika aiki, "Rugar wa ta, ko kun tuna?"

"Ta wani Buba Dogo. Sun daɗe nan, kowace kaka nan suka sauka. Allah shi jiƙan shi, na ji ya rasu."

Biron ya tsaya. Buba Dogo mahaifin Labbo ne.

Ya juya ya sake duban dutsen, ya dubi gangaren da ke sauka rafi. Bai gane komai ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Daji ya sani, mai duhu, mai kukan tsuntsaye, wanda in maraƙi ya shige sai an bi shi da kira. An kwashe dajin an bar masa dutse. Ya zauna a kan wata saiwa ya daɗe, har Malam Adama ya tambaye shi ko rana ce ta taɓa shi. Ya ce a'a, ya yi godiya, ya tada babur. Da ya kai mararraba bai ko yi shawara da zuciyarsa ba, ya karya kan babur ya nufi Rawayya.

Rugar ta riga ta fara kama da wurin da za a bari. An kwance wasu bukkoki, an tara sandunan a gefe, mata suna ɗaure ƙore a cikin raga. Ƙanwarsa Hussaina ce ta fara hango shi, ta taho da goyo tana tafa hannu.

"Lale da Hamma! Mun ce ko sai mun kai Gwari za ka biyo mu da sallama."

Inna Saude tana zaune a bakin bukkarta tana goge wata ƙwarya da ta riga ta yi ƙyalli. Ta tsufa fiye da yadda ya bar ta bara, wuyan hannunta duka bai fi a zagaye shi da yatsa biyu ba. Ya cire takalmi ya durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, mun same ku lahiya?"

"Lahiya," ta gaya wa ƙwaryar. Ta ɗan juya ta ba shi kafaɗa. "Hussaina, ba a ba baƙo ruwa?"

Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, aka kawo fura. Hussaina ta kai kayan Zulai gaban Inna, ta taɓa atamfar da yatsa ta ce a gaida mutanen Damba. Shi ke nan. Labbo ya sha furar. Ga abin da ya ji tsoro, ya zo ya same shi daidai yadda ya zata.

Anas ne ya hango kwalin a jikin babur ya tambaya. Da ya ji abin da ke ciki ya matso da sauri, yana son a nuna masa ko akwai sauran daji inda za su. Labbo ya warware hotunan a kan tabarma, ya danne kusurwoyin da takalmansa da kofin fura. Ya ce nasa hoton a Tsafe ya tsaya, kudu da nan na wani ofishi ne. Anas ya yi tsaki, amma bai tashi ba. Labbo ya nuna masa Gusau, ya nuna masa titi kamar zare, ya gaya masa ja shi ne itace. Anas ya dubi tsohon, ya dubi sabon, ya riƙe haɓa.

"Ashe ba idona ba na," ya ce a hankali.

"Ga wani abu kuma." Labbo ya ɗora yatsa a kan farin ɗigon. Da Anas yake magana, amma ya ɗaga murya fiye da yadda kunnen Anas ke buƙata. "Daga nan nike yanzu. Rugar Baba ta, ta gindin dutse, wajen Karakkai. Wanga harin makwancin shanunmu na. Yanzu gawo ya cike wurin."

Inna Saude ta daina goge ƙwaryar. Ba wanda ya waiwaya, don duk sun san in aka dube ta za ta tashi. Can sai muryarta ta zo daga bayansu.

"Hussaina, mutumin Gusau mi yac ce?"

Hussaina ta maimaita, ko da yake tsakanin tabarmar da bukkar bai kai a ɗaga murya ba. Inna Saude ta ajiye ƙwaryar. Ta miƙe da ƙyar, ta zagayo ta bayan Hussaina, ta tsuguna ta yadda 'yarta ta shiga tsakaninta da ɗanta. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Wa ya hau sama yaɗ ɗauko?"

Labbo ya yi wa Hussaina bayani. Wani ƙarfe ne Turawa suka harba, yana zagaya duniya, yana ɗaukar hoton duk inda ya ratsa. Hussaina ta juya ta ce, "Wai wani ƙarhe na, Inna."

"Na ji." Ta miƙa yatsa, ta bi baƙin zaren rafin da farce har ta iso farin ɗigon, ta tsaya. "Ta wace shekara ta?"

Labbo ya san in ya ce 1975 bai ce komai ba. Sai ya gaya wa Hussaina: "Kakar ƙarshe kahin Baffa shi zo shi tahi da ni."

Wannan karon Hussaina ba ta maimaita ba. Wata saniya ta yi kuka a bayan ruga, Anas ya miƙe ya ce bari ya duba ta, ya tafi, ko da yake saniyar ba ta da wata damuwa.

"Tambaye shi," in ji Inna Saude, "da dare ƙarhen ya wuce ko da rana?"

"Da hantsi," Labbo ya ce. "Kullum da hantsi shika wucewa, haka anka saita shi."

"Da hantsi." Ta gyaɗa kai kamar an ba ta amsar da take jira. "To muna ciki."

"Su wa, Inna?" in ji Hussaina.

"Da hantsi an gama tatsa, maza sun kora shanu. Ni ina nan bakin makwanci ina kaɗa nono. Wancan kau shina bayana." Ba ta dube shi ba, haɓarta kawai ta ɗan karkata wajensa. "Yara dut sun bi maruƙa, shi ba ya zuwa. Sai shi laɓaɓo ta baya shi kama bakin zanena, shi zauna, ba ya ko tari. Kakarku ta yi hwaɗa ta gaji. Tac ce wace irin marar kunya ta ka barin ɗan hwari shina manne mata, mutane na gani."

"Sai kika kore shi?"

"In na gane shi, dole in kore shi." Ta goge takardar da tafin hannu, a hankali, kamar akwai ƙura a kai. "Sai in yi kamar ban san shina nan ba. In ta kallon gora, in ta kaɗawa. Wata rana man ya daɗe da tashi, ni dai ina ta kaɗawa, don in na tsaya sai in miƙe, in na miƙe sai shi saki."

Labbo ya sunkuyar da kai. Shekara da shekaru yana ganin ƙeyar nan yana ɗaukarta ƙofa ce aka rufe masa, ashe tun yana yaro ta haka take barinsa ya zauna kusa. Wani abu ya taso masa daga ƙirji, daɗi da baƙin ciki a haɗe, har ya rasa wanda ya fi yawa. Ya ji tausayinta, yarinya ƙarama a tsakiyar daji tana kaɗa nonon da ya riga ya kaɗu. Ya ji haushin kansa na makonnin da ya ɓata a Gusau. Hawaye ya ɗiga a kan titin Bungudu na cikin hoton, ya yi maza ya share da hannun riga kada ya ɓata kayan gwamnati.

Hussaina, wadda bakinta ba ya iya zama, ta ce, "Ran da Baffa yaz zo hwa, Inna? An ce ba ki ko hito ba."

"Ke dai kin cika tambaya." Ta mai da ido kan takardar. Sai ta matsar da farcenta kaɗan daga farin ɗigon zuwa cikin jan. "Nan akwai wata kanya. Daga bayanta ana ganin hanya har ta sha kwana. Shina ta waige-waige wajen bukka. Bai dubi wajen kanya ba."

"An sare ta," Labbo ya ce. Bai san me ya sa ya faɗi haka ba, shi ne kawai abin da bakinsa ya samu.

"Gaya mai na sani. Dut an sare."

Ta ja zanenta ta rufe kai sosai. Labbo ya ɗauka za ta tashi, don abin da ta faɗa yau ya fi na shekara ashirin, kuma ya ga kunyar ta fara dawo mata, tana neman hanyar bayan bukka da ido. Ta dafa kafaɗar Hussaina za ta miƙe, sai ta fasa.

"Ƙarhen nan, shina nan har yau?"

"Wancan ya mutu," Labbo ya gaya wa Hussaina. "Amma an harba wani, shina nan shina zagayawa."

"Shina bi ta inda za mu?"

"Ba inda ba ya bi."

"Can ma da hantsi?"

"Da hantsi."

"Kuma hoton wajen mutumin Gusau shika zuwa?"

Nan Labbo ya yi jinkiri. Gaskiyar ita ce hoton kudu ba ya zuwa teburinsa, sai ya roƙa a Kaduna, a yi masa rai. Gaskiyar da ta fi wannan kuma, ɗigo ɗaya na hoton ya haɗiye bukka da turken maruƙa da duk wanda ke tsaye a wurin. Ƙarfen bai taɓa ganin mutum ba, ba kuma zai gani ba. Ya koya wa ma'aikata da yawa wannan, yana ma jin daɗin faɗarsa. Ya dubi yatsan da ke kan takardar, busasshe.

"Ina iya samo shi," ya ce.

Inna Saude ta miƙe. Ta tsaya da bayanta gare shi, tana gyara ɗaurin zane, ta yi magana da Hussaina cikin muryar da ake aiken yaro kasuwa.

"To ki hwaɗa mai, can inda za mu an ce itace ya yi yawa, ba a ganin ƙasa. Kada shi wahal da idonai cikin duhuwa. Kullum da hantsi zan hito hili in tsaya, inda shanu sunka kwana. Nan za shi duba."

Hussaina ta buɗe baki za ta isar da saƙon, ta kasa, ta sa bakin mayafi ta toshe fuska.

Labbo bai jira ta ba. Ya ɗago kai ya yi wa bayan mahaifiyarsa magana kai tsaye.

"Zan duba, Inna."

Ta ɗan tsaya. Ba ta nemi Hussaina ba, ba ta nemi ƙwarya ba.

"To," ta ce masa.